Sharhi: Ko zanen bango zai zama sana'a ga yaran Gwaram da Birnin Kudu?

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a lokacin kakar siyasa ya san yadda katangu ke komawa. Bangon makarantar firamare da na ƙaramin asibiti da na rumfunan kasuwa duk sai su cika da fastocin 'yan takara, wani a kan wani. Matasa ne ke liƙa su, a sallame su da ɗan abin da bai wuce na cin rana ɗaya ba. Yanzu da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, za a sake ganin haka. Abin tambaya shi ne, shin waɗannan katangu ba za su iya samar wa yaran yankin abin da ya fi liƙa fosta ɗorewa ba?

Tambayar tana da tushe. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne ke cikin wannan hali a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari, inda adadin ya haura kashi 80 cikin 100. Ƙaramar Hukumar Gwaram, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 270,000, yanki ne na manoma da makiyaya. Da zarar an kammala aikin damina, matasa da dama kan tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, yara kuma a tura su almajiranci.

A wasu ƙasashe an gwada amfani da zanen bango wajen jawo irin waɗannan yara cikin al'umma. A birnin Filadelfiya na Amurka, magajin gari Wilson Goode ya kafa wani shiri a 1984 domin hana matasa ɓata bango da rubuce-rubuce. Aka ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta zauna da waɗannan matasa, ta mayar da su masu zanen da unguwanni ke alfahari da shi. Daga nan shirin Mural Arts ya samo asali, wanda ya samar da zane fiye da 4,000, har ya buɗe sashen koyar da sana'a da ke biyan matasan da suka fito daga gidan yari. A birnin Riyo na Birazil ma, wasu masu zane biyu 'yan ƙasar Holan sun koyar da matasan unguwar marasa galihu ta Santa Marta, suka biya su, suka yi wa gidaje 34 fenti a 2010.

Abin lura a misalan biyu shi ne, an koyar da yaran aikin hannu kuma an biya su ladan aikinsu. Wannan ne ya bambanta su da bikin yini ɗaya da wasu ƙungiyoyi kan shirya, inda za a raba wa yara buroshi da riguna, a ɗauki hotuna a tura wa masu ba da tallafi, kowa ya kama gabansa.

Zane ba baƙo ba ne a yankin

Kudancin Jigawa ba ya buƙatar aro daga Amurka kafin ya san zane. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi da jan launi tun zamanin da ba a fara rubuta tarihin yankin ba. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu da kuma duwatsun kiɗa da ke wurin a tsakiyar shekarun 1950. A yau suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A Shira ta Jihar Bauchi, wadda ba ta da nisa da Gwaram, akwai makamantansu.

Sai kuma adon gini na Hausawa. Magina sun daɗe suna ƙawata fuskar zaure da dagi da sauran siffofi, suna shafe bango da makuba domin ya jure ruwa. Ana iya ganin irin wannan gwaninta a tsoffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Zuwan siminti da kwano ya sa sana'ar ta ja baya, kuma tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa ba tare da magada ba.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne zayyana. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani akan yi masa allon zayyana, kuma a tsangaya ake samun masu yin ta. Yaron da ya iya haɗa tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalami, ya ja layi ya miƙe ba tare da ma'auni ba, ya riga ya samu rabin horon mai zanen bango. Abin da ya rage masa shi ne sanin haɗa fenti, auna bango, gyara shafe da lissafin kuɗin aiki.

Inda gizo ke saƙa

Akwai matsaloli, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Ta farko ta addini ce. Malamai da dama ba su yarda da zana surar abu mai rai ba, kuma duk shirin da ya yi biris da wannan, iyaye za su janye 'ya'yansu tun a makon farko. Mafita tana cikin al'adar kanta, domin dagi da zayyana da furanni da haruffa ba su da wannan matsala. Haka nan bai dace a rubuta ayoyin Alƙur'ani a katangar bakin titi ba, inda ƙazanta za ta iya kaiwa gare su. Saboda haka dole a zauna da alarammomi da limamai da dagatai kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Ta biyu ita ce kasuwa. Na'urar buga bana ta riga ta ƙwace wa masu rubutun allon shago aiki mai yawa, domin ta fi sauri. Sai dai bana kan koɗe a rana ko iska ta yaga ta, alhali rubutun fenti mai kyau kan yi shekaru. Kuma yaron da ya koyi zanen bango zai iya fentin gida, rubutun shago da adon motocin ɗaukar kaya. Idan aka taƙaita horon ga zanen ƙawa kaɗai, ba zai ci da kowa ba.

Ta uku lafiyar yaran ce. Wasu nau'o'in fentin mai na ɗauke da dalma, kuma Arewa ba ta manta da gubar dalmar da ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba, duk da cewa daga haƙar zinare ta fito. Fentin ruwa da farar ƙasa da jar ƙasa sun fi dacewa da ƙananan yara. Hawa tsani kuma aikin manya ne. Bugu da ƙari, kada aikin ya zama dalilin raba yaro da karatunsa na allo ko na boko.

Wa zai biya?

Ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Duk shekara hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ƙananan hukumomi na bayar da kwangilar gyaran ajujuwa da asibitoci, kuma fenti na cikin lissafin. Ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila zai iya sanya cewa ɗan kwangila ya ɗauki matasan garin a matsayin masu koyo, a ƙarƙashin gogaggen mai fenti ko magini, a biya su. Taswirar Jigawa da jadawalin lissafi da haruffan boko da na ajami a bangon aji kayan koyarwa ne da ba a sacewa. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2023, za ta iya sanya zayyana cikin sana'o'in da take son haɗawa da karatun tsangaya.

'Yan kasuwa ma na da nasu kason. Idan ƙungiyar 'yan kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ta amince cewa masu koyo ne za su riƙa rubuta sunayen rumfuna da lambobin layuka, aikin watanni ya samu. 'Yan asalin yankin da ke kasuwanci a Kantin Kwari da Singa za su iya ɗaukar nauyin katangar makarantar da suka yi.

Ma'aunin nasara shi ne a dawo bayan shekara biyu a ƙirga yara nawa ke samun kuɗi da buroshi, nawa ne suka ci gaba da karatu, kuma mata nawa aka shigar, tun da 'yan matan da suka gwanance a zanen lalle ba a bar su a baya ba wajen iya jan layi. Gwamnatin Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin biyu na iya farawa da makaranta ɗaya a kowace mazaɓa. Idan ba a yi ba, fastocin 2027 za su rufe katangun kamar yadda aka saba, yaran da suka liƙa su kuma su koma neman na abinci washegari.