Turnberry: attajiri ya sayi fili, amma bai sayi hanyar da ta ratsa shi ba

Ranar 27 ga watan Yuli na 2025 gidajen rediyon duniya suka ba da labarin cewa shugaban Amurka Donald Trump da shugabar hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen sun daidaita a kan harajin duwan na kashi 15 cikin 100 ga yawancin kayan Turai da ke shiga Amurka. Da yawa daga cikinmu mun ji adadin, amma ba mu kula da wurin da aka yi zaman ba. A Turnberry aka yi shi, wani filin wasan golf da ke bakin teku a kudu maso yammacin Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya, kuma filin mallakar shi Trump ɗin ne. Ke nan baƙuwa ta taho gidan mai gida, alhali shi ma mai gidan baƙo ne a ƙasar.

Mun san golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ba wasanmu ba ne. Wanda ya taɓa leƙa filin Rio Bravo a hanyar Tilaberi, bayan Yamai, ya ga yadda ake buga ƴar ƙwallo da sanda a bisa rairayi har ta faɗa rami, rami 18 kafin a ce an gama. To abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ƙasa, domin wasa ne mai cin fili, kuma duk inda aka sayar da fili mai faɗi, akwai waɗanda suka saba da shi tun kafin zuwan mai saye.

Turnberry tsohon wuri ne. An fara wasa a cikinsa a 1901, kamfanin jirgin ƙasa ya gina masa otel a 1906. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu soja suka mayar da shi filin jirgin sama, sai a 1951 aka sake buɗe shi. Sau huɗu ya karɓi gasar Open, wadda ita ce mafi tsufa cikin manyan gasannin golf: 1977, 1986, 1994 da 2009. Ya kuma sha canza hannu, daga Turawan Ingila zuwa Japanawa, daga nan wani kamfanin otel na Amurka, sannan wani kamfanin Dubai. A hannun mutanen Dubai ne Trump ya saye shi a 2014, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai dalar Amurka miliyan 60, wato kusan miliyar 30 na sefa a canjin wancan lokaci. Abin da ya fara yi shi ne ɗora sunansa: Trump Turnberry.

Gaskiya dai ko ta maƙiyi ce a faɗe ta, an yi aiki. An rufe babban filin a ƙarshen 2015, aka sake fasalinsa, aka matsar da wasu ramuka zuwa gaɓar teku, aka gyara otel, har tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1873 aka mayar da ita wurin cin abinci da ɗakin kwana na alfarma. Da aka buɗe a watan Yuni na 2016, masana wasan, har waɗanda ba sa ga maciji da mutumin, sun yarda cewa filin ya fi da kyau. Ɗaruruwan mutanen yankin na cin abinci a wurin, kuma a karkarar da aiki ya yi ƙaranci ba a raina wannan.

To amma gyara da kuɗinsa. A 2025 aka kai kuɗin wasa ɗaya da safe, a tsakiyar kakar wasa, ga wanda bai kwana a otel ɗin ba, zuwa fam 1,000. Da kuɗinmu ya haura jika 750. In muka auna da mafi ƙarancin albashi na nan Nijar, jika 42 a wata tun daga 2024, aikin shekara ɗaya da rabi ke nan a kan yawon awa huɗu ko biyar. Kuma Sikotlan ƙasa ce da golf ya daɗe yana wasan kowa, makaniki da malamin makaranta na bugawa a filayen ma'aikatar magajin gari. Wannan tsada ta faɗa wa kowa ko wane ne ake jira a ƙofa: baƙon da ya sauka daga jirgi.

Sunan da aka ɗora shi ma ya zo da nasa nauyin. Bayan magoya bayan Trump sun kutsa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu na 2021, hukumar R&A mai shirya gasar Open ta sanar cewa ba za ta mayar da gasar Turnberry ba, muddin hankalin jama'a zai koma kan mai filin maimakon wasan. A 2025 sabon shugabanta ya sassauta harshe, ya ce matsalar ta hanyoyi ce da jirgin ƙasa da masauki, tun da ƴan kallo kimanin 120,000 ne suka zo a 2009, alhali gasar 2025 a Portrush ta tara kusan 280,000. Ko wanne ne dalilin, an riga an ba wasu filaye gasar 2026 da ta 2027. Masu otel da masu shaguna na garuruwan kewaye su ne suka yi asarar kasuwar da ke zuwa musu lokaci-lokaci. A watan Maris na 2025 kuma wasu masu goyon bayan Falasɗinawa suka shiga da dare, suka watsa jan fenti a gini, suka tone ciyawa, saboda maganganun Trump a kan Gaza. Filin da a da ba ruwansa da siyasa ya zama allon rubuta wa Amurka saƙo.

Sai dai akwai abu guda da sabon mai fili bai iya taɓawa ba, kuma a ganinmu nan ne labarin yake. A 2003 majalisar Sikotlan ta yi dokar da ta ba kowa izinin ratsa yawancin filayen ƙasar da ƙafa, ko na wane ne, har da filayen golf, in dai bai taka lallausar ciyawar bakin rami ba kuma bai hana masu wasa wasansu ba. Saboda haka tsohuwa mai zuwa bakin teku da karenta na iya wucewa ta gefen wanda ya biya fam 1,000, kuma mai gadi ba shi da ta cewa. Dokar ta riga ciniki da shekara 11, mai saye ya tarar da ita ne kamar yadda ya tarar da teku.

Mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Burtali da mashaya da hurumi duk abu ɗaya suke faɗi, cewa akwai wurin da kuɗi ba ya rufewa. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun rubuta haka, an kuma kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye. Amma duk makiyayin da ya taso daga Arewa bayan kaka zai gaya muku sau nawa ya iske gona ko shinge a tsakiyar hanyarsa, kuma mutanen Yamai da idonsu suka ga yadda aka yanka dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da birnin tun shekarun 1960, aka mayar da shi fulotai. Takardar muna da ita, mai tsaya mata ne ake nema.

Kada kuma a ɗauka su can ba a lanƙwasa doka. A 2006 Trump, wanda mahaifiyarsa ƴar tsibirin Lewis ce na Sikotlan, ya sayi wani daji mai suna Menie a arewacin birnin Aberdeen, inda akwai tuddan rairayi masu tafiya da iska waɗanda doka ta keɓe saboda irinsu ba su da yawa. Ya yi alkawarin zuba fam miliyar 1, da aikin yi 6,000, da otel mai ɗaki 450 da ɗaruruwan gidaje. A watan Nuwamba na 2007 kwamitin majalisar yankin ya ƙi amincewa, da ƙuri'ar raba gardama ta shugabansa Martin Ford. Ba a yi wata guda ba aka tsige Ford daga shugabancin, gwamnatin Alex Salmond ta karɓe maganar daga hannun kansiloli, ta ba da izini a 2008, a kan hujjar cewa ribar tattalin arziki ta fi ɓarnar. Maƙwabtan da suka ƙi sayar da gidajensu suka wayi gari da tudun ƙasa an tara musu a gaban taga, wani iyali ma ya daɗe yana kukan an katse masa ruwa.

An buɗe filin a 2012. Shekara goma bayan haka ma'aikatansa ba su kai 100 ba, babban otel ɗin ba a gina shi ba, kuma kowace shekara asara kamfanin ke rubutawa. Amincin Trump da Salmond ya watse a kan injina 11 na samar da lantarki da iska da aka shirya kafawa cikin teku daura da filin. Trump ya ce za su ɓata masa kallo, ya kai ƙara har kotun ƙolin Birtaniya, ta kayar da shi a watan Disamba na 2015, aka kafa injinan a 2018. Tuddan rairayin kuwa, a watan Disamba na 2020 hukumar kare muhalli ta Sikotlan ta cire ɓangaren da filin ya ci daga jerin wuraren da aka keɓe, ta ce abin da ya sa aka keɓe su ya riga ya lalace. Kwana biyu bayan zaman Turnberry, ranar 29 ga Yuli na 2025, Trump ya yanke ƙyallen buɗe fili na biyu a Menie.