Kuɗin Hajiya da masu aiko mata da takarda

Da wuya ka shiga layi guda a Nima ko Aboabo ka fita ba ka wuce gidan da ke da ɗa ko jika a Bronx, Landan ko Hambog ba. Shekaru talatin da suka wuce samari ne ke tafiya. Yau waɗancan samarin sun yi furfura, wasu kuma sun ɗauko iyayensu sun kai su can domin jinya ko renon jikoki. Wato yanzu muna da tsofaffi a ƙasashen da ake zuba wa mutum wasiƙa a ƙofar gidansa kullum, ko ya nema ko bai nema ba. Kan wannan nake so mu yi magana, domin kuɗin fansho da ɗan abin da 'ya'ya ke damƙa wa iyaye suna zurarewa ta wannan ƙofa, mu kuwa ba mu saba zargin takarda ba. A wurinmu, abin da ya zo cikin ambulan da hatimi ai maganar hukuma ce.

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin wasiƙar tsoho a Amurka ya san irinsu. Wata ta ce an ci gasa, miliyoyi na jira, sai dai a aiko da dala ashirin kuɗin aiki. Wata tallar maganin gwiwa ce, kwalba ta farko kyauta, amma a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa za a riƙa cirar kuɗi daga kati duk wata. Wata kuma hoton yaro ne da hawaye, an haɗo da kalanda ko ɗan kwabo manne a jikin takarda, don dai mutum ya ji kunyar riƙe kyauta bai mayar da komai ba. Dukkansu da sunan mutum a sama, an buga shi da manyan baƙaƙe, kamar wani ya zauna ya tuna da shi.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, amsa ɗaya ita ce ke jawo sauran. Ranar da Hajiya ta mayar da ambulan guda da dala goma a ciki, sunanta ya shiga jerin waɗanda ke amsawa, kuma wannan jerin haja ce da ake saye da sayarwa. Ba zato nake yi ba. A watan Janairun 2021 kamfanin Epsilon, ɗaya daga cikin manyan masu tara bayanan masu sayayya a Amurka, ya amince ya biya dala miliyan 150 bayan ma'aikatar shari'ar ƙasar ta tuhume shi da sayar wa 'yan damfara bayanan mutane sama da miliyan 30. Ma'aikatansa sun san wa suke sayar wa, kuma tsofaffi ne aka fi yi wa ɓarna. To kun ga, in wasiƙu suka tashi daga biyu a mako suka koma goma a rana, ba sa'a ba ce, ba kuma farin jini ba. An gano cewa a gidan akwai hannu mai bayarwa.

Akwai wata shari'a da nake so kowane ɗan Zango ya ji labarinta, domin ta yi kama da abin da muka sani a gida. Wani mutumin Kanada mai suna Patrice Runner ya shafe kimanin shekara ashirin, daga 1994 zuwa 2014, yana aika miliyoyin wasiƙu da sunan wata mai duba, Maria Duval. Wasiƙun suna cewa arziki na tafe wa mai karɓar takardar, sai dai a aiko da ɗan abin aiki. Har gashin kai da hotuna mutane suka riƙa aikawa don a yi musu aiki a kai. Inji ne ke buga wasiƙun, suna kawai ake canzawa. Kotu a New York ta same shi da laifi a 2023, aka yanke masa shekara goma a 2024, bayan ya kwashe sama da dala miliyan 175 daga mutane fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Masu karatu ne fa akasarinsu. Saboda haka kada wani ya ce jahilci ne ya sa tsohuwarsa ta faɗa.

Da a ce duk 'yan damfara ne, da maganar ta yi sauƙi. Wahalar ita ce, da yawa daga cikin masu roƙon ƙungiyoyin agaji ne na gaskiya, masu rajista, masu aikin alheri. A Ingila, bayan rasuwar wata dattijuwa 'yar shekara 92 a Bristol cikin 2015, bincike ya nuna ƙungiyoyin agaji 99 ne ke riƙe da sunanta, kuma mai yiwuwa wasiƙun roƙo kusan 3,000 ne ke isa gidanta a shekara. Iyalinta sun ce ba wasiƙun ne ajalinta ba, amma abin ya girgiza ƙasar, har aka kafa sabuwar hukumar sa ido kan masu tara gudummawa a 2016. Kowace ƙungiya ɗaya tana ganin ai 'yan wasiƙu kaɗan kawai ta aika. Tsohuwar da ke buɗe su ita kaɗai ce ke ganin jimillar.

A nan gida ba mu da mai raba wasiƙa ƙofa-ƙofa, sai akwatin gidan waya ga mai shi. Amma tun da MoMo ta shigo a 2009, aljihun tsoho ya koma cikin wayarsa, kuma takardun banza suka biyo shi can. Saƙon cewa an ci kyautar kamfani. Kiran wanda zai ce ya turo kuɗi bisa kuskure, a taimaka a mayar masa. Murya a WhatsApp, da sallama da addu'a tiryan-tiryan, ana neman gudummawar rufin masallacin da ba a faɗi unguwarsa ba. Hoton mara lafiya da ya shekara biyar yana yawo, lambar da ke ƙasansa kawai ke canzawa. In azumi ya gabato kuwa, sai abin ya ninka. Hanyar dai ɗaya ce da ta Amurka: wanda ya tura sidi ashirin yau, gobe lambarsa na hannun wasu mutum biyar.

Yanzu ga inda nake saɓawa da mutane da yawa. Abin da ɗa ke fara yi in ya gano shi ne faɗa. Ya ƙwace waya, ya ɓoye kati, ya ce wa ƙannensa Baba ya fara ruɗewa, kuma a gaban Baban. Wallahi wannan ba ya gyara komai. Tsohon da aka kunyata ba ya dainawa, ɓoyewa yake koya. Zai sa jika ya kai masa ambulan gidan waya, ko ya tura yaron makwabta wurin mai MoMo na bakin titi. Su kuma masu damfarar sun riga ka, domin cikin saƙonsu akwai gargaɗin kada a faɗa wa iyali, wai za su yi hassada. Da ka ɗaga murya, ka gaskata su ke nan.

Kuma kuɗin nasa ne. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gadi a tashar jirgin ruwa ta Tema, ko matar da ta rene ku da cinikin waake da koko, ba ta zama yarinya ba don ta kai saba'in. Bayarwa na daga cikin abin da ya rage mata na girma. A Zango ta saba a ce ita ce ke kai gudummawar suna, ita ke ba almajiri sadakar safe. Ku kai ta hawa na shida a Bronx, kowa ya fita aiki tun asuba, sanyi ya hana ta leƙa waje, sannan ku yi mamakin don ta ƙulla zumunci da takardar da ke kiran sunanta? Wata goggona da ta yi shekara uku a can ta taɓa ce mini, "Ɗana, su ne kaɗai ke gaishe ni da rana." Ba ta karanta Turanci ma, jikarta ce ke karanta mata, yarinyar kuma ta ɗauka duk umarnin manya ne.

Abin da ke aiki shi ne rage yawan abin da ke isowa, tun kafin ya kai hannunsu. A Amurka akwai rajistar DMAchoice, inda ake biyan ɗan kuɗi kaɗan a cire suna daga jerin kamfanonin talla, kuma tana da sashe na musamman ga masu kula da tsofaffi. Tallar katin bashi da inshora ana dakatar da ita ta OptOutPrescreen, na shekara biyar ko na dindindin. Gidan wayar Amurka yana da tsarin Informed Delivery, kyauta, wanda ke nuna hoton wasiƙun da ke tafe kowace safiya. A Ingila akwai Mailing Preference Service, da kuma Fundraising Preference Service da aka buɗe a 2017, inda ɗan'uwa zai iya hana ƙungiyar agaji tuntuɓar tsohonsa. Waɗannan duk masu bin doka kaɗai suke tsayarwa, ɗan damfara ba ruwansa da rajista. Amma amfaninsu a nan yake: in tarin ya ragu, wanda ya rage ya fi sauƙin ganewa. Sai a zauna da tsohon sau ɗaya a mako, da shayi, a buɗe tare. A gaya masa abu biyu da dokar Amurka ta tanada: gasa ta gaskiya ba ta neman ko kwabo kafin a ba da kyauta, kuma kayan da aka aiko maka ba ka nema ba naka ne, babu bashi a kanka.

A gida kuma, kada a tara kuɗin wata guda a wayar da tsoho ke amsa kira da ita. A bar abin cefane na 'yan kwanaki, sauran ya zauna a banki ko a wani layin da ba a ba kowa lambarsa. A maimaita masa, ba sau ɗaya ba, cewa babu ma'aikacin kamfanin waya da zai kira ya nemi lambar sirri, kuma in saƙo ya fito yana neman a amince da cirar kuɗi alhali ba ya gaban mai MoMo, ya kashe kawai. In an riga an yi ɓarna, a sanar da kamfanin wayar nan take, a kuma kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana. Mutanenmu ba sa kai ƙara saboda kunya, shi ya sa lamba ɗaya ke cin unguwa guda.

Amma abin da na ga ya fi kowanne tasiri shi ne a ba sadakar hanya, maimakon a toshe ta. A tambayi Hajiya, "Inna, nawa kike so ki fitar duk wata, kuma wa kike so ya samu?" A rubuta. Makarantar allo ta unguwarsu, marayun ƙanwarta, rijiyar ƙauyen da ta fito, masallacin da ta san limaminsa da suna. Sannan a tabbata labari na dawo mata: hoto, kira, godiyar wanda ta sani. Tsohon da ya san ya riga ya fitar da rabonsa na wata yana da amsar da zai ba kansa in sabon roƙo ya zo. Zakka ma tana da mutanenta da shari'a ta ƙayyade, kuma duk malamin unguwa zai gaya mata cewa bincike kafin bayarwa ba rowa ba ne.

Bari in ɗan karkata, don kada mu yi kamar duk ɓarayin baƙi ne. Sau da yawa wanda ya fi kowa ihun a ƙwace katin Alhaji shi ne ya fi kowa tatsarsa. Jikan da ke "ara" ba ya biya, ɗan'uwan da asibitinsa ba ya ƙarewa. Shi ya sa duk wanda zai riƙe kuɗin tsoho ya riƙe su a fili: littafi, rasit, da wani ɗan'uwa na biyu da ke ganin saƙon banki. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, to a sake duba shi.

Akwai kuma lokacin da lallashi ba ya isa. In mutumin da a da ke lissafin kwabo ya fara biyan abu ɗaya sau uku, ko kuɗin wuta da haya suka taru alhali kwalaben magani na cika ɗaki ba a buɗe ba, wannan maganar likita ce kafin ta zama maganar kuɗi. Rikicewar lissafi na daga cikin alamun farko na ciwon mantuwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin babin tsare dukiyar wanda ba ya iya kula da ita, kuma dokokin ƙasashen nan suna da takardar wakilci. Sai dai ita takardar ana sa mata hannu ne tun mutum na cikin hayyacinsa. In aka bari hankali ya gushe, sai kotu, da lauya, da watanni, da rigimar 'yan uba. Mu kuwa mun ɗauki irin wannan zancen kamar yi wa mahaifi fatan mutuwa, sai mu yi ta ɗagawa.

Ina roƙon limamanmu da sarakunan Zango su ɗauki ɓangarensu. Duk roƙon gina masallaci ko jinyar mara lafiya da za a yaɗa da sunan al'umma, ya fito da sunan unguwa, sunan limami, da lambar kwamiti, ba ta mutum ɗaya ba. A sanar da ita a masallaci ranar Juma'a, yadda tsoho zai iya tura jika ya tambaya. Ƙungiyoyinmu na Bronx da Landan, da ke haɗuwa kan suna da jana'iza ba fashi, su ware zama ɗaya kafin azumi mai zuwa, kowa ya zo da wasiƙun da suka taru a gidan iyayensa, a karanta su da Hausa a gaban iyayen.