Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar N-HYPPADEC: a fara da ɓuntu kafin a taɓa masai

Tun da madatsar Kainji ta tare kogin Kwara a 1968, arzikin mutanen Yauri, Ngaski da Shanga ya rataya a kan kifi, shinkafa da albasa. Biyu daga cikin ukun nan wuta suke ci. Ba a bandar kifi sai da itace, mata ba sa turara shinkafa sai da shi, ga daji kullum ƙara nisa yake yi. Saboda haka maganar dunƙulen makamashi, wanda ake matsawa daga busasshen kashin masai da tarkacen tsiro, ta cancanci ku saurare ta. A Naivasha da Nakuru da ke ƙasar Kenya an yi, har ana sayarwa. Shawarata dai kada ku ɗauko abin yadda yake can.

Dalili na farko yana cikin kayan. Garuruwan bakin tafkin Kainji ba su da bututun da ke tara ƙazanta wuri guda. Masai ne na rami, kuma abin da ake kwasowa cike yake da yashi da shara. Irinsa in an ƙona, toka ta fi zafi yawa, shi ya sa ko'ina ake cakuɗa shi da ƙaiƙayi ko garin katako. To, abin cakuɗawar ne muke da shi jibge a bayan injinan casa na Yelwa da Warra. Ɓuntun shinkafa a bushe yake zuwa, in an babbake shi aka matse da ɗan sitaci, ya zama gawayi. Kainuwar da ke toshe mashigin jirage ma tana shiga, sai dai galibinta ruwa ce, shanyarta aikin rani ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa suna kusa. Su gwada, su faɗi wanne haɗi ne ba ya ɓata ƙanshin banda.

Za a ce gudun masai ƙyama ce kawai, wuta tana kashe kowace ƙwayar cuta. Haka ne, amma mai sayen kifi ba ya tambayar likita. Ranar da aka ji a Onitsha cewa kifin Yauri da hayaƙin masai ake gasa shi, masunta ne za su biya kuɗin gwajinku. Malaman Malikiyya kansu sun yi saɓani kan hukuncin toka da hayaƙin najasa, don haka a nemi fatawa a zauren Mai Martaba Sarkin Yauri tun kafin a sayi inji.

Wasu kuma za su ce a bar masai gaba ɗaya. Wannan ma ban yarda ba, domin abin da aka kwashe aka zubar a fili, damina na kai shi tafkin da ake sha. A keɓe filin shanya nesa da gaɓa, a ba masu kwasa safar hannu da takalma, dunƙulen da ya fito daga nan a kai shi wurin gasa bulo da tukwane, inda aka riga aka saba da kashin shanu.

Wassalam.