Wa ya faɗi me a majalisa kan lafiyar yaranmu? A buɗe mana kundin

A shekarar 2006 gwamnatin marigayi Tandja Mamadou ta ɗauki matakin da kowace uwa a Nijar ta ji labarinsa: yaron da bai kai shekara 5 ba za a duba shi a likita kyauta, a ba shi magani kyauta, mai ciki kuma ta yi awo ba tare da ta biya ko dala ba. Kafin nan, a ƙarshen 2005, an riga an ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa. Tsarin mai sauƙi ne: gidan likita ya yi aikin, ya aika takardun abin da ya kashe, gwamnati ta mayar masa da kuɗinsa. Matakin ya ceci rayuka. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya sa kyautar magani cikin dalilan wannan ci gaba, tare da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa.

Sai dai kowa ya san abin da ya biyo baya. Biyan kuɗin ya yi ta jinkiri, bashi ya taru a kan gwamnati, magani ya riƙa yankewa a gidajen likita, uwa ta zo da yaro a ce mata kyauta ne, sannan a miƙa mata takarda a ce ta nufi farmasi.

Daga 2006 zuwa 2023 ƴan majalisar dokoki sun yi ta jefa ƙuri'a kan kasafin kuɗin ƙasa, kuma a cikin kasafin ne kuɗin wannan kyauta yake. To, wane ɗan majalisa ne ya miƙe ya tambayi ministan kiwon lafiya dalilin wannan bashi? A wace rana? Me ministan ya amsa, kuma wane wa'adi ya ɗauka? Ɗan majalisar da aka zaɓa daga Tasawa ko Magariya ko Madawa, ya taɓa buɗe baki a kan maganar, ko hannu kawai yake ɗagawa? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, domin a zaure aka yi maganar, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne rubuta ta. Matsalar ita ce matashin da ke Maradi ko ɗan ci-rani da ke Abijan ba shi da wani shafi da zai shiga ya rubuta "kyautar magani" ko "sanƙarau" ya ga duk abin da aka faɗa a kai, da sunan mai magana da kwanan wata.

A ganina wannan giɓi ne babba, kuma cike shi yana cikin ayyukan da ya kamata a fara da su idan da gaske ake maganar sake gina ƙasa.

Haƙƙin ba sabo ba ne. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ce zaman majalisa a bainar jama'a ake yin sa, kuma a buga cikakken bayanin muhawarar a jaridar hukuma ta Journal Officiel. An jingine wannan kundi bayan 26 ga Yuli 2023, amma duk zaman da aka yi daga 2011 zuwa wannan rana a ƙarƙashinsa aka yi shi. Ga kuma doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairu 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanai da takardun hukuma. A lura, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soja ƙarƙashin Janar Salou Djibo ce ta sa mata hannu. Ke nan buɗe kundi ga jama'a ba maganar wata jam'iyya ba ce, kuma ba sai lokacin farar hula ake iya yin sa ba.

Abin da ke cikin waɗannan takardu ya wuce maganar kyautar magani. A shekarar 2006 majalisa ta amince da dokar lafiyar haihuwa, a watan Yunin shekarar kuma ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A ƙarshen 2012 an kai mata ƙudurin dokar kare ƴan mata masu karatu, ƙungiyoyin addini suka nuna adawa, aka mayar da shi don sake nazari, sai a Disamban 2017 gwamnati ta ɗauki matakin da kanta ba tare da bi ta majalisa ba. Ko kana goyon bayan waɗannan dokoki ko kana adawa da su, kana da haƙƙin karanta hujjar da kowane ɓangare ya kawo, da bakinsa, maimakon abin da ake yaɗawa a fada da WhatsApp. A 2015 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 500, aka rufe makarantu a Yamai, har aka gano jabun allurar rigakafi na yawo. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye yara kusan 20 a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai, a watan Nuwamba kuma wata ta halaka aƙalla 25 a Maradi. Duk a waɗannan lokuta ƙasar na da majalisa. Iyayen da suka binne waɗannan yara sun cancanci su san abin da wakilansu suka ce, da abin da suka yi shiru a kai.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Ingila, kundin muhawarar majalisa da ake kira Hansard yana kan intanet tun daga zaman farkon ƙarni na 19, kowa na iya bincike da kalma ko da sunan ɗan majalisa. A Ailan ana samun muhawarar tun daga 1919. Kada a ce sai masu kuɗi: majalisar Gana na sa kundinta a shafinta, a Kenya kuma wasu matasa ne suka kafa shafin Mzalendo a 2005 don bin diddigin abin da wakilai ke faɗa da yi. Abin da ake buƙata shi ne na'urar ɗaukar hoton takardu, ƴan kwamfutoci, ma'aikata masu haƙuri, da izini daga sama.

Na san abin da wasu za su ce: uwar da ɗanta ke fama da masassarar cizon sauro magani take so, ina ruwanta da tsofaffin takardu? Gaskiya ne magani take so. Amma dalilin da ya sa maganin ke yankewa yana rubuce cikin waɗancan takardu. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga kiwon lafiya, kuma Nijar ta yi shekara da shekaru tana ƙasa da wannan mizani. Wanda ya karanta muhawarar kasafi shekara bayan shekara zai ga inda aka rage, wa ya kare ragin, da wace hujja. A watan Agustan 2024 hukumomin yanzu sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, suka mai da haihuwa kyauta. Mataki ne da talaka ya yi maraba da shi. Amma shi ma zai rayu ne idan kuɗin da asibitoci suka rasa yana komawa gare su a kan lokaci. Duk mai son wannan mataki ya ɗore, ya dace ya so a san dalla-dalla yadda na 2006 ya yi tuntuɓe. Waiwaye adon tafiya.

Wasu kuma za su ce ai majalisun baya surutu kawai suka yi, an rusa su, a bar kaza cikin gashinta. Idan surutu ne, kundin zai tabbatar da haka, kuma gara a yanke musu hukunci da hujja. Idan kuma akwai waɗanda suka tsaya tsayin daka kan lafiyar yara, bai dace a haɗa su a kwando ɗaya da waɗanda suka kwashe shekara 5 ba a ji muryarsu ba. Da yawa daga cikinsu suna raye, wasu za su sake dawowa neman amanar jama'a ko muƙami. A ranar, me za mu riƙe a hannu in ban da abin da suka ga dama su tuna mana? Ƴan uwanmu mazauna ƙetare, waɗanda aka ware wa kujeru 5 tun zaɓen 2016, su ne kuma ke aiko kuɗin magani duk lokacin da yaro ya kwanta a gida. Su ma suna da haƙƙin ganin abin da wakilansu suka yi da kujerun.

Akwai kuma gaggawa. Takarda na tsoron ruwa da gara da wuta, tsohon kaset kuma yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Majalisar Nijar ta tsaya cik a 1974, 1996, 1999, 2009, 2010 da 2023, kuma kowane sauyi lokaci ne da kwalaye ke canza ɗaki, ma'aikatan da suka san inda komai yake su yi ritaya ko a sauya musu wurin aiki. A maƙwabciyarmu Burkina Faso, ranar 30 ga Oktoban 2014 aka banka wa ginin majalisa wuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran wani mai ba da tallafi ba. A fara da zaman 2011 zuwa 2023, a ɗauki hoton cikakkun bayanan muhawara, da rahotannin kwamitin kula da jin daɗin jama'a da al'adu, da tambayoyin da aka yi wa ministocin lafiya, ilimi da kare yara. A sa su a shafi mara nauyi da zai buɗe ko da a ƙaramar salula, a matsayin rubutun da ake iya bincike a ciki da kalma, suna da kwanan wata. A juya sautin zaman da aka naɗa zuwa na'ura, domin mafi yawan iyaye ba sa karanta Faransanci, kuma akwai wakilan da suka yi magana da Hausa ko Zabarmanci a zaure. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, taƙaita muhawarar lafiya da Hausa da sauran harsunanmu hanya ce ta nuna cewa matakin ya wuce takarda. Ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani za su iya wannan aiki a matsayin horo, matasanmu masana kwamfuta na gida da na waje kuma su gina shafin.

Majalisar tuntuɓa ta CCR da aka girka a watan Yunin 2025 ba ta yin doka, shawara take bayarwa. Duk da haka da sunan jama'a take magana, don haka ya kamata duk abin da ta tattauna kan lafiya da yara ya fito cikakke cikin ƴan kwanaki, kowa ya karanta ko ya saurara.

Mu ma ƴan jarida akwai namu rabon. Kafin a buɗe babban kundin, tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel da dokokin kasafi na kowace shekara suna ba da kwanan wata da sunaye, musamman na zaman Oktoba zuwa Disamba da ake kira zaman kasafi. Da su za mu iya rubuta takardar neman bayani mai ɗauke da rana da batu, mu ambaci dokar 2011, mu ajiye kwafi, mu sanar da masu karatu amsar da muka samu. Ƙungiyoyin farar hula, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da na mazauna ƙetare su ma su rubuta tasu. Takarda ɗaya ana iya mantawa da ita a aljihun tebur, ɗari kuwa sai an amsa.