Kallon Duwatsun Jos, Da Tafiyar Daren Da Ta Biyo Baya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako. Masu karatu sun saba jin ina yi wa waɗansu faɗa, yau kuwa kaina zan kai ƙara gaban jama'a, gama laifin nawa ne.

A watan Nuwamba na bara na sami hutun kwana uku daga ofis. Muka haɗa kuɗi, ni da wani abokina malamin makaranta, muka ɗauki shatar mota don mu je mu ga Jos. Direban dattijo ne, a bakin sitiyari ya yi furfura, Baba muke ce masa. Muka tashi daga Madadi da asubar Jumma'a, muka biyo ta Kano, muka bar hanyar Zariya a Kwanar Dangora, muka ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, sai Saminaka. Daga Kano zuwa Jos kimanin kilomita 300 ne, ƙarshen tafiyar kuwa hawa ne, har mutum ya ji kunnensa yana toshewa.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ya sani garin yana bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 daga bakin teku, watau ya ninka tudun Kano har ya yi saura. Shi ya sa Turawa suka mai da shi wurin shan iska da hutun jinya, har masaukin da suka gina can suka sa masa suna Hill Station. Sanyin da ya tarbe mu daren nan, in a Madadi ne, da sai tsakiyar hunturu.

Ran Asabar muka shiga gidan kayan tarihi wanda Baturen nan Bernard Fagg ya kafa a 1952. Nan ne kawunan yumɓun Nok suke, waɗanda masu haƙar kuza suka tono, shekarunsu sun haura 2,000. Na daɗe tsaye gaban ɗaya ina duban kitson da aka yi masa, ina cewa a raina, ashe kwalliya tsohuwa ce. A harabar akwai kan jirgin ƙasan nan ɗan siriri da ke jigilar kuza tsakanin Jos da Zariya daga 1914 har aka daina a 1957. Akwai kuma kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, an gina su da ƙasa. Mutum ya yi tafiyar yini guda ya zo ya tarar da badalar garinsu tana jiransa! Da la'asar muka nufi duwatsun Shere, gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,800 da ɗoriya. Ban kai sama ba, gama ƙafar akawu kujera ta sani.

Ran Lahadi ne abin ya ɓaci. Shirinmu mu ga dutsen Riyom, inda manyan duwatsu ke ɗore kan juna kamar an jera su da hannu, mu gangara Hawan Kibo mu ga ruwan Assop da ke zubowa daga kan dutse, mu komo Jos kafin azahar, mu kama hanyar gida. To, shi kallo ba ya duban agogo. A Riyom muka ɓata sa'a biyu, a Assop muka jiƙa ƙafa muka manta da kanmu, a komowa kuma muka tsaya cinikin dankalin Turawa da acca na tsaraba. Ba mu shigo Jos ba sai da rana ta yi ja.

A gangaren Hawan Kibo, da rana tsaka, na lura da yadda Baba ke tuƙi. Tun kafin mu fara sauka ya mai da mota lamba biyu, inji yana gurnani, ƙafarsa ba ta taɓa birki sai jefi-jefi. Na ce, "Baba, ba ka ɓarnar mai kuwa?" Ya nuna mini gawar wata babbar mota a cikin kwari, ya ce, "Malam, waccan ta yi tsimin mai." Sa'an nan ya bayyana mini: masu sa mota a firi a gangara, birki kaɗai ke riƙe da nauyinta duka. In aka daɗe ana danna shi sai ya yi zafi, man birki ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba kamu. Giyar da za ka hau dutse da ita, in ji shi, da ita za ka sauka. Na yaba, har na rubuta a ɗan littafina.

Amma da magariba ta yi, Baba ya ce mu kwana, mu yi sammako, sai na ƙi. Na ce Litinin ƙarfe takwas ana jirana a ofis, ga kuɗin masauki ya ƙare, mota kuwa ai da fitila aka yi ta. Ya ce, "Malam, tun safe nake bisa kujerar nan. Idon tsoho da dare ba na yaro ba ne, ga hazo ya sauko, ga Falgore a gaba." Na ce mu muka yi shata. Ya dube ni, bai ƙara magana ba, ya ta da mota. Har yanzu in na tuna kalmar nan tawa kunya nake ji.

Mun wuce Jengre ke nan, wajen ƙarfe tara, wata mota ta taho daga gaba da babbar wuta, ta ƙi ragewa. Baba ya rage tasa, ya kau da ido zuwa gefen hanya na dama, ya ɗaga ƙafa daga totur. Tana wucewa sai muka ji taya ta taka ganye. Kafin in ce mene ne, ya danna birki, dankali ya zube mana a wuya. Ga tirela ta mutu a kan hannunmu, baƙa ƙirin, ba wuta, ba ƙyalli, ba alamar nan mai kusurwa uku da doka ta ce kowace mota ta riƙe, sai rassan itace da aka zuba taku kaɗan a bayanta. Tsakaninmu da ƙarfenta bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Da yake lissafi ne sana'ata, daga baya na zauna na buga. Mota mai gudun kilomita 80 a sa'a, wanda shi ne iyakar da aka yanka wa ƙananan motoci a irin wannan hanya, tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai ga birki, an ci mita 30. Kafin ta tsaya cik, an ƙara wajen 40. Ƙaramar wuta kuwa da ƙyar take nuna baƙin abu a mita 50. Watau mai gudun da doka ta yarda da shi ma, da dare, yana tafiya ne cikin abin da bai gani ba. Baba a 50 yake, ni kuwa tun daga Jos nake gunagunin yana jan jiki.

Ina da roƙo ga hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988: motar da ta mutu a kan hanya da dare ta fi rami haɗari, ganye kuwa ba fitila ba ne. Amma ba zan tsananta ba, gama mai tirela bai ɗauko ni daga Jos da magariba ba.

A Saminaka Baba ya kashe mota a tasha, ya zare makulli ya sa aljihu, bai shawarci kowa ba. Muka sha shayi, muka kwanta a benci, sanyi yana cinmu. Gari na wayewa muka ratsa Falgore, muna ganin birai a bakin hanya. Na isa ofis bayan azahar, na rubuta takardar ba da haƙuri, aka yanke mini rabin yini.

Naku,
Akawu, Madadi.