Da Hannunmu Muka Rufe Ishiriniya

A Maulidin da ya wuce, mutum bakwai na ƙirga a zauren gidanmu na Kparatao, biyar daga cikinsu sun haura shekara sittin. Zauren nan, da muna yara, ba ka samun wurin sa ƙafa daga ɗaya ga Rabi'ul Awwal har daren sha biyu. Kakanmu na jan Ishiriniya, 'ya'yansa na amsawa, mu kuma muna gyangyaɗi a gefen buzu har asuba. Shi ma gadonta ya yi daga iyayensa, fataken goro da suka bi hanyar Gwanja daga ƙasar Hausa suka yada zango a yankin Sokode.

Duk wanda ka tambaya me ya cinye wannan gado, amsa ɗaya ce: masu wa'azin bidi'a. Ni dai ban yarda ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gaskiya ne an yi wa'azin, an kuma raba kan gidaje da shi. To amma wane mai wa'azi ne ya shigo zaurenmu ya ƙwace littafin? Alfazazi ya rasu a 1230, baitocinsa ashirin-ashirin ga kowane harafi suka ƙetare hamada suka iso mu, duk da gardamar malamai na ɗaruruwan shekaru. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, ya yabi Annabi (SAW) a waƙe. Shehu Nasiru Kabara ya sha suka kan bandiri, ya tsaya da hujjojinsa har ya rasu a 1996, kuma har gobe ana Maukibi a Kano. Abin da ya jure wannan duka, lasifikar masallacin unguwa ba ta isa ta kashe shi ba.

Mu ne muka gaji da zama. Ishiriniya tana son a durƙusa gaban dattijo shekara da shekaru, a koyi kari, a koyi inda ake jan numfashi, a san ma'anar abin da baki ke faɗa. Mun ga wannan wahala ce, sai muka koma wa bege na fiyano da ake turowa a waya. Yanzu taron Maulidi a Sokode, yaro zai riƙe makirufo yana kwaikwayon wani sha'irin Kano, rabin waƙar kirarin Alhajin da ya yi liƙi ne. Wani ma ya zarce da kalaman da ko shehinsa ba zai lamunta ba, gobe a ɗauka a yi mana wa'azi da su. Wa ya miƙa sandar?

Ban cire kaina ba. Shekara shida ina gabatar da shirin bege a rediyo duk daren Juma'a, kuma abin da ke cikin filashi nake sakawa domin shi ne mai sauƙi. Baffana da ke Dapaong shi ne na ƙarshe a zuriyarmu da ya haddace Ishiriniya da karin gidanmu, ban taɓa kai masa na'urar ɗaukar murya ba.

Ku dubi Pakistan. Iyalin Nusrat Fateh Ali Khan sun riƙe kawwali, begen Sufayen can, kaka da kakanni. Da mahaifinsa ya rasu a 1964, baffanninsa suka zaunar da shi suka ƙarasa koyar da shi. Da shi ma ya rasu a 1997, ɗan ƙaninsa Rahat ya ɗauka. Su ma suna da masu kafirta su, har an harbe Amjad Sabri a Karachi a 2016. Duk da haka gidajen ba su daina zaunar da yara ba. Mu da ba wanda ya ɗaga mana ko tsinke, mene ne uzurinmu?

Saboda haka a daina kukan an hana mu. Duk gidan da ke da dattijo mai jan Ishiriniya ko Burda ko Diwanin Shehu Ibrahim Inyass, a ba shi yara biyu bayan sallar isha'i. Mu 'yan rediyo mu ware wa tsofaffin nan ko minti goma sha biyar a mako, ba fiyano, ba tallar mai liƙi.

Ni na riga na yi wa Baffa waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, sai yanzu?" Ranar Asabar zan hau motar Dapaong da na'urata, da babban ɗana.