Darasin haƙƙin yara a lakwal: ina ruwan ƴan kasuwa?

Duk shekara, ranar 16 ga watan Yuni, ana tara ƴan makaranta a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai domin bikin ranar yaron Afirka. A yi waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo, hukumomi su yi jawabi, kowa ya watse. Ƙungiyar haɗin kan Afirka ce ta tsaida wannan rana a 1991, domin tunawa da ƴan makarantar Soweto na Afirka ta Kudu da ƴan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa wuta a 1976. Amma maganar haƙƙin yara ta wuce biki. Ta shiga aji cikin darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, har wasu makarantu na da abin da ake kira gwamnatin ƴan lakwal, inda yara ke zaɓen shugabansu da ministocin tsabta, lafiya da wasanni.

Iyaye da dama a kasuwa ba su saki jiki da wannan darasi ba. Abin da ake ji cikin rumfuna shi ne: an zo a koya wa yaro ɗaga wa ubansa murya, a hana uwa aiken ɗiyarta. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, domin wanda ya haifa shi ya san zafin lalacewar ɗa. Sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da takardun suka ƙunsa.

Abin da aka rubuta

Takardun biyu ne. Ta farko ita ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 20 ga Nuwamba 1989, wadda Nijar ta amince da ita a watan Satumba 1990. Ta biyu ta Afirka ce, shugabanninmu suka tsara ta a Adis Ababa a watan Yuli 1990, ta fara aiki a 1999, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗauke ta. A cikinta, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. An ce yana da haƙƙin suna da ƙasa, a rubuta haihuwarsa, a yi masa magani, a sa shi makaranta, a kare shi daga azaba da aikin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aya ta 31 ta yarjejeniyar Afirka. Ita ba haƙƙi ta lissafa ba, nauyin da ke kan yaro ta lissafa: ya girmama iyayensa da na gaba da shi a kowane lokaci, ya taimake su idan suna da buƙata, ya yi aiki domin haɗin kan iyali, ya yi wa ƙasarsa hidima, ya riƙe kyawawan al'adun Afirka. Ke nan mushen da ya koyar da haƙƙi ya tsallake nauyi, rabin darasi ya bayar. Kuma wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda malamanmu sun daɗe suna wa'azi a kan haƙƙin ɗa bisa uba, na suna mai kyau da ciyarwa da ilimi, tare da haƙƙin iyaye bisa ɗa.

Inda gizo ke saƙar

Idan aka duba da kyau, ba a wajen ladabi darasin ke cin karo da rayuwar kasuwa ba. Wurare ukku ne.

Na farko takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa, kuma kyauta ake yin ta. Wanda ya bari lokacin ya wuce sai ya bi ta gaban alƙali, da shaidu da kai da kawowa. Uwa da ke fama da rumfa takan ce sai ta samu sarari, shekaru su wuce, sai ranar da za a rubuta sunan yaro domin jarrabawa a ce ina takardarsa. Gobe kuma in ya girma ya kama fatauci, katin ɗan ƙasa da za a tambaye shi a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni daga wannan takarda yake fitowa.

Na biyu talla. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Babu wanda ya ce yaro kada ya taya uwarsa tsaron rumfa ko ya koyi awo da lissafin canji, hasali ma da haka manyan attajiranmu da yawa suka tashi. Matsalar ita ce tallan lokacin aji, da tallan dare a tashar mota inda ɗiya mace ke yawo ita kaɗai cikin maza. A yi lissafi irin na ƴan kasuwa: yarinyar da ke fashin lakwal rana ɗaya kowane mako saboda cin kasuwa, daga Oktoba zuwa Yuni ta yi asarar kusan kwana 30 na karatu. Ribar farantin gyaɗa ko ƙosai ba ta biyan wannan. In kuwa aka mayar da yaro jari, ƙarshen hanyar mun gan shi: a watan Oktoba 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, galibi ƴan yankin Kance. A watan Maris 2022 kuma gwamnati ta kwaso mutum fiye da 1.000 daga titunan Dakar inda suke bara, da yara masu yawa cikinsu.

Na ukku auren wuri. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi masu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15, jahohin Maraɗi da Damagaram na sahun gaba. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke makaranta domin ta ci gaba da karatu har shekara 16. Talla da aure a haɗe suke, domin sau da yawa kayan ɗaki ake tarawa da farantin, tsoron abin kunya a wurin talla kuma shi ke sa uba gaggawar ɗaura aure.

Hukuma ma tana da nata

Ba iyaye kaɗai ke da bashi a wuya ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara irin haka ta faru a birnin Maraɗi, aka rasa aƙalla 25, ƙanana ƴan shekara biyar zuwa shidda. A lokacin, hukumomi da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana kimanin 36.000 a faɗin ƙasa. Uwar da ta ga haka, in ta riƙe ɗanta kusa da ita a rumfa, da wuya a ga laifinta. Duk wanda ke son iyaye su yarda da darasin haƙƙin yara, to ya fara da gina aji na ƙwarai, da ruwan sha, da makewayi na ƴan mata daban, da mushen da ke zuwa aiki kullum.

Yadda ake koyarwa ma abin dubawa ne. Ɗan shekara bakwai da aka sa ya haddace ayoyin doka da Faransanci baki kawai zai riƙe. Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, don haka babu hujjar ƙin yi wa ɗan Maraɗi ko Tawa wannan darasi da harshen da yake ji. A haɗa masa kowane haƙƙi da nauyinsa: kana da haƙƙin karatu, nauyinka zuwa da wuri da adana littafi, ba a zaluntarka, kai ma kada ka zalunci ƙaninka, a saurare ka, kai ma ka saurari na gaba da kai. Kuma mushen da ya gama wannan darasi ya ɗauki bulala, ko ya aiki ƴan aji ɗebo ruwa gidansa lokacin karatu, ya rushe abin da ya gina da hannunsa.

Abin da ke hannun ƴan kasuwa

Makarantun gwamnati na da kwamitin kula da makaranta, CGDES, da ƙungiyar iyayen yara, wasu kuma har da ƙungiyar iyaye mata masu bin karatun ɗiyansu. A nan ake maganar kuɗin da ake tarawa, da fashin yara, da halin mushe. Sau da yawa in an kira taro ƴan kasuwa kan ce ba su iya rufe rumfa, daga baya su yi ƙorafin abin da aka yanke. Shugabannin layuka da uwayen adashi za su iya naɗa wakili ya riƙa zuwa ya kawo labari. Uwa za ta iya mayar da talla bayan tashi daga aji, kafin magariba, cikin unguwa. Uba kuma ya tambayi ɗansa abin da aka koya masa yau. In ya ji rabin darasi ne, ya je ya samu darektan makaranta cikin mutunci.

Ribar wannan ga ɗan kasuwa take komawa. Ɗan da ya iya karanta takardar duwan da ta patanti, ya duba rasin aika kuɗi, ya rubuta bashi cikin littafi, shi ne zai tsare dukiyar gida ranar da ƙarfin uba ya ƙare. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka cikin nema.